Giwa da Gwangwanin Kifi

Laraba, 9 ga Afrilu, bayan Asuba

Batir ya kai asuba. Alhamdu lillahi.

Ban saba da irin wannan rubutu ba. Ni Ilu ne, wanda mutanen kasuwar Maigatari ke kira Injiniya, kuma ba takarda ce ta ba ni sunan ba, hannuna ne. Amma tun da muka dawo daga asibiti a Gumel na rasa wanda zan yi wa magana. Duk wanda ya shigo sai ya ce in yi haƙuri, in ce na gode, zance ya ƙare. To bari in faɗa wa takarda.

Mu biyu muka dawo, ni da matata Muhsina. Ran da za mu tafi sai da ta sa ƙanwarta Juwairiyya ta yi wa na uku shimfiɗa a gefen gado. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Likita ya ce zuciyarta ta gaji, ruwa na taruwa mata a ƙirji. Na ɗauko hayar injin iska, wanda ke tace iska ya tura mata ta siririn bututu a hanci. Ya ce kada ya tsaya, musamman in ta kwanta. Na ce masa, "Likita, a gidana wuta ba ta ɗaukewa." Da ƙarfi na faɗa, har nas ta ɗago ta dube ni.

Alhamis, 10 ga Afrilu, bayan Magariba

Ranar kasuwa. Na fita don dole. 'Yan POS da dillalan shanu duk a kan layina na intanet suke tura kuɗi, domin in kasuwa ta cika intanet ɗin waya mutuwa yake yi, nawa ne kawai ke tsayawa.

Ni da na fara da tebur ɗaya da soket a gindin darbejiya ina cajin waya, yau ƙarfen eriyata ya fi duk rufin unguwar nan tsawo. Ba gado na ci ba, ba wanda ya ɗora ni. Kuma zuciyar aikin nan duka tana falona: Giwa. Saba ce, wato babbar kwamfuta irin ta manyan ofisoshi, gwanjo, daga Kano na ɗauko ta, kujerar gaba duka na kama mata a mota. Ita ce mai gadin ƙofa. Ita ke duba tikitin kowa kafin ya hau layi, ita ke raba wa kowa rabonsa kada mai kallon bidiyo ya shanye na mai tura kuɗi, ita ke korar ɓarayin da ke leƙowa daga waje. Fayawol ke nan a bakin 'yan boko. In ta tashi fankokinta huci suke kamar injin niƙa daga nesa. Mutane har sallama suke yi don su gan ta.

Muhsina ce kaɗai ba ta taɓa yi mata kwarjini ba. Ita dai matsalarta ɗaya: komai na gidan nan ta saƙa masa riga da kwarashi, talabijin, firji, filas, har rimot, amma na hana ta rufe Giwa saboda zafi. Takan ce, "Injiniya, wannan baƙuwar taka ita kaɗai ce tsirara a gidan nan, ko kunya ba ta ji."

Yau da na dawo na zauna kusa da ita na ba ta labarin kasuwa. Bango take kallo.

Juma'a, 11 ga Afrilu, da hantsi

Batir ya kai. Ragon da na saya don suna yana nan ɗaure a gindin darbejiya. Ban san wanda ke ba shi dusa ba.

Asabar, 12 ga Afrilu, da hantsi

Bai kai ba.

Kafin kiran sallar farko inbata ta yi kuka ta mutu. Na tayar da janareto, hayaƙin ya shigo ta taga, tari ya sarƙe ta. Na ja shi har zaure na haɗa wayoyi a duhu. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, kuma ba na son in sani. Na dai ga leɓenta.

Ta dawo daidai. Allah ne ya dawo da ita, ba ni ba. Alhamdu lillahi, Alhamdu lillahi.

Wutar gwamnati kuwa tun kafin Sallah rabonmu da ita.

Asabar, bayan La'asar

Juwairiyya ta same ni a falo. Ita ce ta yi karatun kwamfuta a kwalejin kimiyya, kuma tun tana yarinya muke tsokanar juna, ina ce mata 'yar takarda, tana ce mini Injiniyan gindin bishiya. Yau ba wasa a fuskarta. Ta ɗauko mitata ta auna wuta, tawa ta kaina, ta miƙo mini.

"Yaya Ilu, auna."

"Me zan auna? Hadari ne ya rufe rana jiya, batir bai cika ba."

"Wane hadari a Afrilu? Auna mana, ai kai ne Injiniya."

Na auna injin iska: wat ɗari uku da hamsin. Fankar ɗakin: ba ta kai hamsin ba. Na tsaya.

"Saura uwar ɗakinka," in ji ta.

Giwa take nufi. Ɗari da tamanin. Dare da rana, ko mutum ɗaya ne a kan layi ko babu kowa. Na san lambar nan tun ba yau ba. Da can batiran ba su da wani aiki sai ita da fitilu, shi ya sa ban taɓa kallonta a matsayin ci ba. Yanzu kwano ɗaya suke ci da Muhsina, kuma Giwa ba ta san kara ba.

Na ce, "In na kashe ta, da me zan riƙe hayar injin da maganin?"

Ta ce, "Ban ce ka kashe sana'a ba. Aikin da take yi, abin da bai kai tafin hannunka ba zai yi shi."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan Azahar

Yanzu da Magariba nake kashe Giwa, in tayar da ita in rana ta fito. Batir yana kaiwa, amma da kyar, domin da rana tana shanye rabin abin da ya kamata ya taru. Kuma tsohuwa ce, ba ta son a riƙa kwantar da ita ana tayarwa. Yau sai da na kunna na sake kunnawa kafin ta yarda.

Masu tikitin wata sun fara ƙorafi. Wani dillali mutumin Magarya, su da ke ce wa layi rezo, ya tare ni a bakin masallaci: "Injiniya, rezo naka ya zama kaza ne? Rana na faɗuwa sai ya shige akurki?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Wani ya ja shi gefe ya raɗa masa magana. Ya dawo ya kama hannuna da hannu biyu. Gara dariyar.

Talata, 15 ga Afrilu, bayan Asuba

Ya kai. Ta sha kunu kaɗan. Na gode wa Allah.

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan La'asar

Na zauna da 'yar takarda mun baje zance. Na ce ta kawo duk abin da ta sani, ni zan zaɓa, domin ni na san Maigatari.

Na farko wani ɗan allo ne tsirara, bai fi katin shaida girma ba, cajar waya ma tana tayar da shi. Wat biyar. Na ji daɗin lambar. Amma bakin wayarsa ɗaya ne, ni kuwa mai gadi dole ya sami ƙofa biyu, ta shigowa da ta fita. Kuma a kan ɗan katin memori irin na waya yake ajiye hankalinsa. Na yi shekaru ina ganin yadda katin nan ke mutuwa a hannun mutane in wuta ta yanke. Ban ɗora kasuwar Alhamis a kansa ba.

Na biyu irin ƙananan kwamfutocin da bankuna ke zubarwa, ana samunsu gwanjo a Kano. Suna da ƙarfi, ba su da tsada, wat goma sha biyar zuwa ashirin. Sai dai yawancinsu da 'yar fanka a ciki, kuma su ma baki ɗaya ne, sai an yi musu ƙari da wata 'yar waya mai reto. Duk abin da ke reto, wata rana tsintsiya za ta same shi. Kuma zuwa Kano yini ne guda. Ba zan bar gidan nan yini guda ba.

Na uku ta nuna mini a waya. Akwatin ƙarfe, bayansa tsaga-tsaga kamar kan injin babur, babu fanka ko ɗaya, jikinsa ne ke fitar da zafi. Baki huɗu. Wat goma. Kuma bolt goma sha biyu yake ci, wato batir ɗaya zai riƙe shi kai tsaye, ba sai ya bi ta inbata ba. Nan ne na gyara zama. In haka ne zan ware masa tsohon batirin mota da ɗan farantin sola nasa, kamar yadda na yi wa na'urorin kan eriya. Ba zai sake sa hannu a kwanon Muhsina ba har abada.

Na ce, "Wannan. A ina ake samu?"

"Sai an yi oda daga waje, ya yi wata a hanya." Ta ajiye wayar. "Amma ai ka san mai irinsa."

Na sani. Na tashi na fita duba rago.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan Isha

Kasuwa ta ci lafiya. Batir kuwa na duba shi ya fi a ƙirga.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan an sauko

Kawu Ɗanjuma ya zo daga Sule Tankarkar. Yayan mahaifiyata ne, kuma shi ya tsaya a kan abin da ya kamata a yi ran nan, lokacin ina tsaye a ƙofar ɗakin tiyata ban san inda kaina yake ba. Har yau ban tambaye shi wajen da aka sa ba. Shi ma bai faɗa ba. Na gode masa da wannan.

Ya shiga ya yi wa Muhsina addu'a, ya fito ya zauna a falo yana kallon Giwa tana huci.

"Iliyasu, wannan ce aka ce tana shan wutar mara lafiya?"

Juwairiyya ke nan. Bakinta ba ya riƙe ruwa.

"Kawu, ana kan gyarawa."

"Hudu yana da abin nan, ko?"

Hudu ɗansa ne, taubashina. Shi ma layi yake sayarwa a Gagarawa Tasha, kuma a wurina ya fara ganin yadda ake yi. Bara da ya kawo ɗan akwatinsa yana nuna mini, a gaban mutane na ce masa gwangwanin kifi ya sayo, in ya gama ya ba ni in zuba ƙusa. Tun daga nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Na ce, "Kawu, ni ban iya roƙo ba."

Ya ɓare goro ya ba ni rabi. "Ƙaramin goro ya fi babban dutse. Kuma wa ya ce ka yi roƙo? Ka je ka gai da ɗan'uwanka."

Da zai tafi ya tsaya wajen ragon, ya shafa wuyansa. "A bar shi tukuna," in ji shi. "Mai shi ba ta yi magana ba."

Asabar, 19 ga Afrilu, da hantsi

Ya kai, amma inbata tana ta ƙara tun kafin a tayar da salla. Gobe zan je.

Lahadi, 20 ga Afrilu, bayan Magariba

Na tafi da sassafe a babur, na dawo kafin Azahar.

Na sami Hudu a shagonsa yana cin ɗanwake. Duk hanya ina shirya maganar da zan yi, yadda zan ce haya nake so ba kyauta ba. Yana ganina ya miƙe ya buɗe murya yadda duk tasha za ta ji:

"A'a! Jama'a ku zo ku ga bawana! Ɗan mace ya tuna da ubangidansa. Ina tsintsiyarka?"

Na ce, "Ubangidan da ke cin ɗanwake ba mai? Allah ya sauwaƙe mini."

"Zauna ka ci, yunwa ce ke sa ka rashin kunya."

Na zauna na ci. Rabon da in ci abinci har in ji ɗanɗanonsa na manta. Bai yi mini ta'aziyya irin ta mutane ba, ya dai tura mini kwanon gabana, ya ce, "Yaya jikin nata?" Na ce da sauƙi. Ya ce, "To."

Sai ya shiga ciki ya fito da kwali. Ashe biyu ya saya tun farko, ɗaya na aiki ɗaya na ajiya. Na buɗe baki zan fara jawabina, ya ɗaga hannu.

"Shekara nawa rabon da ka zo karɓar kuɗin shara? Al'ada ce, ɗan namiji ya sallami bawansa. Ga na bara da na bana da na baɗi. Kada in sake ganin ƙafarka sai ka zo shara."

Na ce, "Ai watan bai zo ba."

"Ubangida ne ke sa wata. Ɗauki gwangwaninka, ka zuba ƙusa."

Abin da ba zan iya karɓa da sunan taimako ba, ya ba ni shi da sunan haƙƙina. Na san Kawu ne ya kitsa, ko kuma Hudu ya fi ni hankali tun da can ban lura ba. A hanya wajen Gumel sai da na tsaya a gindin wata tsamiya na ɗan jima. Ƙura ce ta shiga mini ido.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan La'asar

Jiya da yau muna kai. Juwairiyya ta zuba masa manhaja, ni na kwashe tikitoci da dokokin da ke cikin Giwa ɗaya bayan ɗaya na mayar. Ta so ta yi gardama a kan rabon layi, na nuna mata dalilin da ya sa 'yan POS ke gaba da kowa ranar Alhamis. Ta ce, "To, gindin bishiya ma makaranta ce." Na rubuta don kada ta musa gobe.

Na ɗora shi a kan ɗan teburin falo, na ja masa waya daga batirin mota, na sa fis. Mita ta ce tara. Na sake aunawa. Tara.

Sannan na kashe Giwa.

Ban san haka falon nan yake ba, domin in na kashe ta da Magariba ɗaki nake wucewa. Shekaru ina zaune cikin huci har na daina jinsa. Da ya tsaya sai na ji tsakin ƙadangare a bango, na ji rago na tuƙa a waje. Na ji injin iska a ɗaki, kuma a ƙarƙashinsa na ji numfashinta, yana shiga yana fita. Daga inda nake zaune. Ban tashi ba har aka kira salla.

Da na shiga ta juyo da kanta. "Baƙuwar taka ta tafi ne?"

Maganarta ta farko da ba amsa ba ce.

Laraba, 23 ga Afrilu, bayan Asuba

Ya kai, har da saura mai yawa. Alhamdu lillahi.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan Magariba

Kasuwa ta cika maƙil, gwangwani bai ko yi tari ba. Na taɓa bayansa da na dawo, da ɗumi kamar kofin shayi. Haka aka yi shi, in dai iska na taɓa shi. Mutumin Magarya ya ce rezo ya daina kwana da kaji. Ban gaya wa kowa Giwa ta yi ritaya ba.

Asabar, 26 ga Afrilu, da hantsi

Na tsinci guntun zaren ulu ruwan ɗorawa a kan tabarma. Na san zaren. Tare muka saye shi a Gumel, fari da ruwan ɗorawa, don ba mu san ko mace ce ko namiji ba. Ta fara hula, ba ta gama ba. Ledar tana cikin kwalla a ƙarƙashin gado, ba mai taɓa ta.

Ɓera ne, ina jin. Na sa zaren a aljihu kada ta gani.

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan Azahar

Ta zauna da kanta ta jingina da filo. In na shigo sai ta tura hannu ƙarƙashin zane. Na tambayi Juwairiyya ko wani abu na yi mata ciwo a hannun, ta ce in bar mata da sha'aninsu.

Talata, 29 ga Afrilu

Ya kai.

Alhamis, 1 ga Mayu, bayan Magariba

Bari in rubuta wannan a tsanake.

Ana cikin tsakiyar ciniki, rana ta take, layi ya faɗi. Gaba ɗaya. Kafin in miƙe daga rumfa 'yan POS sun kewaye ni, wani ya sayar da bijimai mai saye na tsaye kuɗi sun maƙale. Na duba eriya daga nesa, lafiya. Zuciyata ta ce gwangwani ne. Na kira Hudu ina tafe ina faɗa: "Ka ga abin da nake gudu! Ƙaramin abu ƙaramin abu ne!" Ya ce, "Nawa shekara guda bai taɓa yi ba. Je ka duba kafin ka zagi ubangidanka."

Na shiga gida ko sallama ban yi da kyau ba. Na ɗaga labulen falo.

Tana zaune a kan kujera. A falo. Ba bututu a hancinta. Ta yi wanka ta ɗaura ɗankwali, da ƙafarta ta tako daga ɗaki. A kan tebur kuwa ga gwangwani sanye da riga, fari da ruwan ɗorawa, ta rufe shi ruf har ƙasa, an bar wa wayoyi 'yan ƙofofi daidai su, an yi wa kowace baki. Bakin rigar na ƙasa na gane shi. Bakin hular nan ne. Daga nan ta ci gaba.

Ulu a kan ƙarfen da jikinsa ne fankarsa, a zafin Mayu. Ya yi zafi ya kashe kansa, kamar yadda aka gina shi ya yi.

Juwairiyya na tsaye a bakin ƙofa. Na dube ta. Ta matso ta yi ƙasa da murya: "Na sani, Yaya. Tun tana sa masa na sani. In kana da zuciyar cirewa, bismilla. Ni ba ni da ita."

Waya na ta ruri a aljihuna.

Muhsina ta ce, "Injiniya, ka gani? Wannan baƙon ya fi waccan kunya. Shiru-shiru da shi. Na ce kada ƙura ta dame shi." Ta ɗan ja numfashi. "Ya yi masa kyau?"

Na kashe wayar. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Na ce, "Ya yi masa kyau ƙwarai."

Ban san iya zaman da muka yi ba. Kasuwar Maigatari guda tana jirana, ni kuwa ina kallon idon saƙa, ina tuna hannun da take ɓoyewa a ƙarƙashin zane. Ɓera! Injiniya guda.

Ita ce ta miƙa hannu don ta gyara masa gefe. Ta janye da sauri.

"Wayyo, zazzaɓi yake yi!"

Juwairiyya ta fashe da dariya tana share ido. Na ce, "Shi ta baya yake numfashi. In an rufe shi ba ya samun iska."

Ta dube shi, ta dubi ƙofar ɗakin da injinta yake.

"Kuma kuka zuba mini ido ku biyu? Ni za a gaya wa rashin iska?" Da hannunta ta zare rigar, ta shimfiɗa ta a kan teburin, ta ce in ɗora shi a kai. "To ya zauna a kanta. Ba a saƙa don a ajiye ba."

Na ɗauko mafici na yi masa fifita har ya huce, tana yi mini dariya, dariyar na sa ta tari, tana ƙara yi. Ya tashi. Na koma kasuwa na sha zagi mai kyau, na ba kowa kwana guda kyauta. Mai bijimai ya ce me ya faru. Na ce masa baƙo aka yi wa ɗinki.

Na kira Hudu na ba shi haƙuri. Ya ce zai sa a cikin sharar baɗi.

Juma'a, 2 ga Mayu, da hantsi

Da safe ta leƙa tsakar gida, ta daɗe tana kallon ragon. Ta ce a yanka a raba wa maƙwabta da masu jinya a asibiti. Ta faɗi sunan da ta so a sa. Ba zan rubuta shi ba, namu ne.

Ta ce in ta ƙara ƙarfi, Kawu ya nuna mini wurin, in je in dawo in gaya mata. Na ce to.

Ashe Juwairiyya ce ke ba shi dusa duk kwanakin nan. Na yi mata godiya, ta ce in riƙe abata, tsire take so.

Talata, 6 ga Mayu, bayan La'asar

Mun koma Gumel. Likita ya saurari ƙirjinta ya daɗe, ya ce ruwan ya ja baya. Injin sai in za ta kwanta, magani kuwa ba fashi, gishiri da kanwa ta yi musu sallama. Ya ce da sauran tafiya. Ya tambaye ni ko wuta ta taɓa yankewa. Na ce sau ɗaya. Wannan karon ban ɗaga murya ba.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan Magariba

Kasuwa lafiya.

Na dawo na tarar an lulluɓe Giwa da tsohon zanen atamfa, an ɗora mata kwalla da furen roba a kai. Muhsina na zaune tana warware sabon zare, kore.

"Wannan na wucin gadi ne," in ji ta. "Ka auno mini ita, tsawo da faɗi. Shekara da shekaru tana tsaye tsirara a falon mutane."

Na ɗauko tef na auna. Ta sa na sake, wai ba ta yarda da awon gindin bishiya ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, da hantsi

Sai da rana ta fito na tuna ban duba batir ba.